Abin da Za Ka Binne a Bango

Ɗana,

Mahaifiyarka ta gaya mini an ba ka aikin haɗa kwamfutocin makarantar nan ta bayan gari, ɗakin karatu mai kwamfuta 60 da ofishin shugaban makaranta da ke can ƙetaren fili. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Na kuma ga takardar da ka turo mini, jerin kayan da kake son saye, kowanne da sunan kamfaninsa da farashinsa. Na karanta ta sau biyu. Kayan ba su da laifi, sai dai na lura da kasuwa ka fara. Ban ga inda ka rubuta tsawon ɗakin ba, ko irin bangon, ko awa nawa wuta take yi a unguwar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka, tun da magana a waya iska take bi.

Ka ajiye jerin nan tukuna. Ka ɗauki tef ɗin awo da littafi ka je makarantar ranar da ake karatu, ka wuni a can. Ka ga bangon da rana take duka da la'asar, ka ga inda rufi yake yoyo, ka ga inda aka ajiye janareta. Sannan ka zauna da mai makarantar ka yi masa tambayoyi cikin ladabi. Me yaran za su riƙa yi da kwamfutocin, koyon rubutu ne da gwajin jarrabawa, ko har da kallon darussa na bidiyo? Su nawa za su zauna a lokaci ɗaya? Idan ka gama ka tafi, wa zai riƙa kula da kayan? Akwai wata tambaya kuma da kada ka manta. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, masu makarantu da yawa suna da burin wata rana wurinsu ya zama cibiyar jarrabawa. Wani ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Idan yana da wannan buri, to 60 ɗin nan somin taɓi ne, ɗaruruwa ke tafe, kuma tun ran gini ran zane. Wurin da za ka kafa akwatin na'urori, da faɗin bututun da za ka binne, da yadda za ka raba adireshi, duk sai sun yi daidai da wannan buri.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a takardarka. Ka ware kuɗi masu kauri don rauta, amma da ka zo kan waya sai ka zaɓi mafi araha. Ni da zan ba ka shawara, ka juya lissafin.

Lokacin da na fara wannan sana'a, da wayar nan mai kama da ta eriyar talabijin muke haɗa kwamfutoci, ɗaya bayan ɗaya a layi guda, gudunta megabit 10, tsawonta ba ya wuce mita 185. Idan kai ɗaya ya kwance a tsakiya, ofis gaba ɗaya ya tsaya. Daga nan muka koma waya mai murɗaɗɗun silli takwas, aka tashi daga megabit 10 zuwa 100, zuwa gigabit. Na'urori sun zo sun wuce a gabana. Amma akwai wani ofis da na ja wa waya fiye da shekara 15 da suka wuce, an canza suwic sau uku, an canza kwamfutocin duka, wayar tana nan a bango tana aiki. Suwic idan ya mutu, cikin minti goma ka cire ka sa wani. Waya idan ta lalace, sai an ɓalle silin, an fasa bango, an dakatar da karatu. Mai makaranta kuwa ba zai taɓa ganin abin da ka binne masa ba. Akwati mai ƙyalƙyalin fitilu zai gani ya yaba. Abin da ke cikin bututu, tsakaninka ne da Allah.

Akwai wayar da ake sayarwa wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. A ido ba ka bambanta ta da ta gaske, wani lokaci ma an rubuta Cat6 a jikinta. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga shi da saurin karyewa idan an lanƙwasa shi. Ranar farko za ta yi aiki lafiya. Bayan wata shida sai a fara kiranka, wannan kwamfuta ta yanke, waccan tana jan ƙafa. Idan kuma ka tura wuta ta cikinta don kunna na'urar Wi-Fi ko kyamara, sai ta riƙa ɗumi a cikin silin inda babu mai gani. Gane ta ba wuya. Kafin ka biya, ka ce a yanko maka ɗan guntu. Ka kankare silli ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne. Ko ka kara masa wutar laita, alminiyam zai yi laushi ya lanƙwashe nan take, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya tsaya. Ɗaga kwalin ma yana ba da labari, domin na jan ƙarfe zalla ya fi nauyi sosai. Mai shagon kirki ba zai ji haushin wannan gwaji ba.

Game da aji, Cat5e tana ɗaukar gigabit ɗaya har mita 100, kuma wannan ya ishi kwamfutar ɗalibi. Cat6 tana ɗaukar gigabit 10 idan tsawon bai wuce kamar mita 55 ba, Cat6A kuma har mita 100. Ni Cat6 ta gaske zan sa maka a wannan aiki, domin bambancin kuɗinta da Cat5e ba shi da yawa idan aka kwatanta da kuɗin sake ja. Amma idan kuɗin mai aiki bai kai ba, Cat5e ta jan ƙarfe zalla ta fi Cat6 ta jabu nesa ba kusa ba. Kwali ɗaya mita 305 ne. Idan ka auna ka ga kowace kwamfuta za ta ci kamar mita 25, to 60 za su ci mita 1,500, kusan kwali biyar ke nan, sai ka sayi shida saboda yanke-yanke da ƙarin wurare.

Dokar mita 100 ɗin nan kada ka yi wasa da ita. Mita 90 ne a bango, 10 da suka rage na gajerun wayoyin da ke ƙarshen biyu ne. Wayar bango mai silli sandararre ce, a soket ɗin bango da allon haɗa wayoyi ake ƙarasa ta, gajerar waya mai laushi ita ce take zuwa kwamfuta. Na san da yawa suna matse kan RJ45 a wayar bango su cusa kai tsaye a kwamfuta don rage kuɗin soket, amma yara masu motsa tebur da ƙafa za su karya ta cikin zango ɗaya. Ka zaɓi tsarin launi ɗaya, T568B shi muka saba, ka bi shi daga farko har ƙarshe. Kada ka warware murɗin sillin fiye da milimita 13 a wurin haɗi, domin murɗin nan shi yake kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Kada ka sa wayar sadarwa da ta wuta a bututu ɗaya, idan dole su gamu to su gitta juna. Kuma ko'ina ta bi, a cikin bututu, saboda ɓeraye a silin ba sa raga wa roba.

Ofishin shugaban makaranta da ke ƙetaren fili, a nan nake so ka saurare ni da kyau, domin na taɓa yin kuskure a irinsa kuma har yau yana mini ciwo. Wata ma'aikata ce mai gini biyu, na ja wayar jan ƙarfe daga wannan zuwa wancan ta sama. Ta yi aiki duk rani. Ruwan farko na damina ya zo da tsawa, ba ma a kan ginin ta faɗi ba, can kusa ne, amma wayar ta kwaso ƙarfin ta shigo da shi. Suwic biyu suka ƙone, da kafofin sadarwa na kwamfutoci da dama. Mutanen sun yarda da ni, ni kuma na jawo musu asara da rashin sani. Na biya abin da zan iya, amma kunyar ta fi kuɗin nauyi. Tsakanin gini da gini, faiba ake sawa. Gilashi ce, haske take ɗauka, tsawa ba ta da hanya a cikinta, kuma ba ruwanta da iyakar mita 100, irin mai silli siriri tana kai kilomita 10. Idan ba ka da injin haɗa ta, ka auna tsawon ka sayi wadda aka riga aka sa wa kai, ko ka kira mai injin ka biya shi. Babu faɗuwar girma a kiran wanda ya fi ka kayan aiki.

Bayan waya sai wuta. Yawancin na'urorin da aka kawo mini a mace, ba tsufa ne ya kashe su ba, kawowa da ɗaukewar wuta ne, da lokacin juyawa zuwa janareta. Akwatin na'urori ya samu layinsa na kansa daga inbata ko UPS, a sa masa abin kare hauhawar wuta, a kuma kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a ɗaure jikin akwatin da ita. Ka duba da idonka an kafa ta, kada ka karɓi "an yi" a baki. Ka tara wat ɗin kowace na'ura ka san nauyin da za a ɗora kafin ka faɗi girman inbata. Batir kuma ba ya son zafi: irin mai ruwan asid, duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin kwanansa. Ka tuna a watan Afrilu garinmu yana haura digiri 40 a inuwa, ƙananan suwic da yawa kuwa iyakar abin da aka rubuta musu ke nan. Don haka kada ka manna akwatin a bangon yamma, kada ka kulle shi a ɗan sito marar taga ƙarƙashin kwano. Idan hunturu ya shigo, ƙura takan toshe fanka, shi ya sa nake son suwic marar fanka a wurin da babu na'urar sanyaya ɗaki.

Suwic ɗin kansa, duk kafofinsa su zama gigabit. Ka ƙirga: kwamfuta 60, saba, firinta, rauta, na'urar Wi-Fi biyu, layin faiba, ka riga ka kai 66. Mai kafa 48 da mai 24 da ka rubuta za su ba ka 72, ka cire na haɗa su da juna, babu sauran wurin numfashi. Ni da zan sayi huɗu masu kafa 24. Sun fi sauƙin samu a kasuwa, kuma idan ɗaya ya mutu ranar jarrabawa, sai ka kwashe wayoyinsa ka raba wa sauran gwargwadon kafofin da suka rage kafin a kawo wani. Ɗaya daga ciki ya zama uwa, sauran uku kowanne ya zo mata da wayarsa kai tsaye, kada ka jera su kamar raƙuman fatake, wannan a bayan wancan. Uwar ita ce za ka kashe wa kuɗi: ta zama irin wadda ake shiga a saita, mai kafar faiba, mai iya raba netwok gida-gida da abin da ake kira VLAN, domin kwamfutar ɗalibi kada ta ga ta akawu inda sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta suke. Ka kunna mata tsaron zagaye kuma. Wata rana wani yaro zai ɗauki waya ɗaya ya cusa kai biyun a soket biyu don wasa, saƙo ya riƙa kewayawa ba iyaka har komai ya tsaya cik. Wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta samar da maganin wannan tun 1985, kuma yana nan cikin irin wannan suwic, kunnawa kawai yake jira.

Manyan suwic na hannu da ake kawowa daga Turai suna da ƙarko, ban hana ka ba. Amma suna da ƙarar fanka da cin wuta, wasu kuma kamfaninsu ya daina fitar musu da gyaran manhaja. Idan za ka saya, ka gwada kowace kafa a gaban mai shago.

Rauta ba sai mai tsada ba. MikroTik na ƙasar Latbiya yana da araha, yana iya raba wa kowa gwargwadon intanet ɗinsa don kada mutum ɗaya ya shanye data, sai dai yana son a zauna a koye shi. Kana iya ɗora pfSense ko OPNsense a tsohuwar kwamfuta kyauta, amma kwamfuta ta fi ƙaramin akwati cin batir. Ma'aunina a nan ɗaya ne: idan ka yi tafiya ko ba ka da lafiya, akwai wani a garin nan da zai iya buɗe shi ya gane? Idan babu, ka zaɓi wanda ake da masu iyawa.

Wi-Fi na malamai ne da wayoyin hannu. Kwamfutocin jarrabawa a kan waya za su zauna, domin Wi-Fi kamar zance ne a ɗaki ɗaya, sai wannan ya yi shiru wancan ya yi magana. Zangon 2.4 yana ratsa bango amma tashoshi uku kaɗai gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Zangon 5 ya fi gudu, bulo kuma ya fi tare shi. Ka ɗaura na'urar a sama a tsakiyar wuri, ka zaga da wayarka ka gwada kafin ka huda bango.

To, sai manhaja. Ta farko ita ce takarda da fensir. Ka zana ginin, ka sa awo, ka ba kowace soket lamba. Bayan nan ka mayar da zanen cikin draw.io, kyauta ce kuma ta isa, ba sai ka sayi Visio ba. Kafin ka taɓa na'ura ko ɗaya, ka gina netwok ɗin a cikin Packet Tracer na Cisco, wanda ake samu kyauta idan mutum ya yi rajista a makarantarsu ta intanet. A nan za ka gwada rabon VLAN da adireshi, ka yi kuskurenka inda ba zai ci kuɗin kowa ba. Na'urorin Cisco yake kwaikwayo, amma tunanin ɗaya ne ko wane kamfani ka saya. GNS3 ya fi shi zurfi, yana kuma son kwamfuta mai ƙarfi, wannan aiki bai kai can ba.

Wurin adireshi ka yi hangen nesa. Tsarin da rauta ke zuwa da shi, irin su 192.168.1.0 da 255.255.255.0, na'ura 254 kawai yake ɗauka. Yau ya ishe ka. Ranar da makarantar ta zama cibiyar jarrabawa, kwamfutoci da na ko-ta-kwana da wayoyin malamai za su haura haka, sai a ga wasu sun kasa shiga ba a san dalili ba. Idan ka sa 255.255.254.0 a ɓangaren ɗalibai tun yanzu, kana da 510, ba ka kashe ko kwabo ba. Saba da firinta da suwic ka ba su adireshi tsayayye ka rubuta a littafi, sauran ka bar DHCP ya raba musu.

Saba kuwa, kada ka yanke hukunci sai ka san manhajar jarrabawar da makarantar za ta yi amfani da ita da abin da take bukata. Idan ajiyar fayil ne kawai, Ubuntu da Samba za su yi, babu kuɗin lasisi. Idan Windows Server ake bukata, ka faɗa wa mai aiki gaskiya cewa bayan lasisin saba akwai na masu shiga cikinta, ya sa a kasafinsa. Ina roƙonka kada ka ɗora wa mutane manhajar sata. Haƙƙin wasu ne, sannan ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, kuma sau da yawa ba ta karɓar gyara. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta bi ta hanyar raba fayil ta Windows tana tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta a cikin netwok ɗaya, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Ka duba kwamfutocin makarantar: Windows 7 an daina kula da ita tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya ƙare a Oktoban 2025. Ka sanar da mai makaranta a rubuce. Kowace na'ura kuma, daga rauta har kyamara, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita a ranar da ka kunna ta. A 2016 cutar Mirai da irin waɗannan kalmomi na kamfani ta kame dubban kyamarori da rautoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan ka gama ja, kada ƙaramar testa mai fitilu takwas ta ruɗe ka. Abin da take nunawa kawai shi ne sillin sun isa kuma suna kan tsari. Ka ɗauki kwamfuta biyu ka sa iperf3, ka gwada soket ɗaya bayan ɗaya. Layin gigabit mai lafiya zai nuna maka kusan megabit 940. Idan ka ga 94, to layin ya faɗo zuwa 100, domin gigabit yana bukatar silli takwas duka, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, ka koma ka duba haɗin. Zai ci maka yini guda. Ka sa Wireshark a kwamfutarka ma, ka riƙa kallon abin da ke wucewa ranar da komai yake lafiya, don ka gane baƙon abu ranar da ya zo.

Kowace waya ka liƙa mata lamba a kai biyun. Zanen, da jerin adireshi, da saitin suwic da rauta, ka buga su ka sa kwafi a cikin akwatin, kwafi a ofishin shugaba. Kalmomin sirri ka rubuta ka sa a ambulan ka miƙa wa mai makaranta hannu da hannu. Na san wasu a sana'ar nan suna riƙe su don dole a sake kiransu. Kada ka bi su, ɗana. Kayan nasa ne, da kuɗinsa ya saya. Ka kuma zauna da malamin da zai kula da ɗakin ka nuna masa yadda ake gane fitilar da ta mutu, da abin da ake fara kunnawa idan an kawo wuta, ka yi haƙuri da shi ko da sai ka maimaita sau uku.

Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da zanen da awon da ka yi, da guntun wayar da kake son saye, mu kankare ta tare. Babbar testata da abin huda soket suna nan, za ka iya ɗauka har ka gama. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.